Wanda Ya Wanke Buroshin Malam

Ƙarfe biyu da rabi na rana Auta ta tura ƙofar ɗakin zanen mahaifinta, ta tarar da katakon da ake jingina zane yana tsaye ba komai a kansa. Farin ƙyallen da ake lulluɓe zanen da shi yana kan kujera. Baƙi kuma ƙarfe biyar za su fara isowa.

Kafin uku Sufeto ya iso, shi da Kofur. Bai so zuwa ba. Tun safe hadari ya haɗu, ya ƙi zuba ya ƙi washewa, gwiwarsa ta hagu kuma ba ta ga maciji da irin wannan yanayi. A ganinsa zane bai kai a tashi mutum daga kujera ba. Da Auta ta ratsa da su ta falo suka fita bayan gida, sai ya rage sauri.

Lambun ya fi gidan girma. Siraran hanyoyi na jan bulo sun ratsa tsakanin wardi da na'ana'a, ga rumfar inabi, ga lemun tsami jere a jikin katanga. An jera kujeru talatin a kan ciyawa, duk suna kallon wuri ɗaya, babu kowa a kansu. A tsakiya akwai bishiyar rumman, a ƙarƙashinta wani tsoho na zaune a benci, ya ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Babana ke nan," in ji Auta. "Shekara hamsin yana zane. Mamanmu ce ta shuka lambun nan, ta rasu shekara uku ke nan. Ita yake zanawa tun bara waccan, bai bar kowa ya gani ba. Yau ya ce zai buɗe wa mutane."

Malam ya ɗago kai. Idanunsa sun yi fari-fari, suna neman Sufeto ta inda muryarsa ta fito.

"Shi ne na ƙarshe, Sufeto. Likita ya ce kafin shekara ta zagayo ba zan bambance taga da bango ba. Na samu na kamo fuskarta kafin ta kuɓuce mini. Ka nemo mini ita."

"Yaushe ka bar ɗakin, Malam?"

"Sha biyu da rabi. Ina ɗan taɓe-taɓen ƙarshe kaina ya sara, Auta ta janye ni ta ɗiga mini magani, na kwanta. Ko buroshi ban wanke ba. Na cusa su cikin gwangwanin kananzir, gashinsu a ƙasa, abin da ban taɓa yi ba tunda nake. Ina kwance abin yana cin raina."

"Su wa ke gidan?"

Mutum uku ne. Auta. Baba Dogo mai kula da lambun, wanda ya shekara talatin da ɗaya a ɗan ɗakin da ke ƙarshen katanga. Sai wani tsohon almajirin Malam a sana'a, yanzu malamin zane ne a wata makaranta, har furfura ta fara fito masa, amma a gidan nan ba a taɓa daina kiransa Ɗalibi ba. Ya zo ƙarfe ɗaya ya jera kujeru.

Sufeto ya shiga ɗakin zanen shi kaɗai. Warin fenti da kananzir ya tare shi. Ba a ɓalle kuba ba, ba a taɓa taga ba. Ya duba ƙyallen, ya ga an ninke shi gida huɗu. Ya leƙa gwangwanin, babu komai sai kananzir da ya yi duhu. Buroshi bakwai suna kwance a kan tsumma, daga babba zuwa ƙarami, an wanke su da sabulu, an murza bakin kowanne ya yi tsini. Ya taɓa ɗaya, da sauran danshi.

Ya fara da Auta, a bakin ƙofa.

"An ce kun yi faɗa da Malam kan zanen nan."

"Mun yi. Ya ce zai ba gidan adana zane-zane. Na ce uwata ce, ba ta barin gidan nan."

"Ke nan kina da dalili."

"Ina da shi, Yallaɓai. Amma tun sha biyu da rabi ina bakin gadonsa har biyu da kwata. Tambaye shi."

Ya tambaya. Malam ya ce barci bai ɗauke shi ba, yana jin ta tana ta amsa wayar baƙi, har ya ce ta rage murya sau biyu. Sufeto ya cire ta daga lissafinsa.

Ɗalibi na tsaye wajen kujerun, siririn mutum mai tabarau, yana ta gyara layin da ya riga ya miƙe.

"Ka shiga ɗakin zane yau?"

"A'a, Yallaɓai. Malam ya hana. Kujeru kawai na jera."

"Ka ga wani ya shiga?"

"Baya na ba wa ɗakin."

Ana cikin haka Kofur ya ƙwala kira daga ƙarshen lambu. Kofur mutum ne mai tumbi, saura masa wata huɗu ya yi ritaya, kuma ba abin da yake ƙauna kamar shari'ar da ta ƙare kafin a tashi daga aiki. Ya fito daga ɗakin kayan aiki riƙe da hannun Baba Dogo.

"Oga, an gama! Ga zanen can bayan buhunan taki. Dubi hannun rigarsa, shuɗin fenti ne ɗanye. Makullin ƙofar baya ma a wuyansa yake."

Sufeto ya sunkuya ya shiga. Zanen na jingine, fuskarsa ta kalli bango. An sa ƙananan guntayen katako huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, don kada ɗanyen fenti ya taɓa siminti. Ya juyo da shi a hankali wajen hasken ƙofa.

Bai san zane ba, amma ya gane bishiyar rumman nan take, ganye bi ganye. Ya ga mace zaune a benci, hannuwanta riƙe da almakashin lambu, har jijiyoyin bayan hannun ana gani. Wannan aikin lokacin da ido ke gani ne. Daga wuya zuwa sama kuwa babu mace. Wani dunƙule ne na kore da toka, an shafa an sake shafawa har ya yi kauri, ido ɗaya ya zame ya sauko wajen kumatu. Sufeto ya daɗe yana kallo, tausayi ya cika masa ciki. Ya mayar da zanen yadda ya same shi, ya fito.

"Baba, kai ka kawo shi nan?"

"Ban kawo ba."

"Fentin rigarka fa?"

"Na shigo ɗaukar taki na goge shi."

"Ka gan shi ke nan, ana ta nema ka yi shiru. Wa ya kawo?"

Tsohon ya dubi ƙasa. "Ba ni da abin faɗa, ranka ya daɗe."

Auta ta ƙaraso. "Baba Dogo? Kai da ka goya ni a lambun nan? Wallahi yau za ka bar gidanmu." Tsohon bai ɗago ba. Kofur ya fara laluben ankwa a ƙugunsa.

"Mayar da ankwar," in ji Sufeto. "Kowa ya zo ɗakin zane. A kawo Malam."

Aka zaunar da Malam a kujera. Sufeto ya tsaya jikin tebur, ya ɗauki babban buroshi yana juya shi kamar mai neman abin wasa da hannu. Ya ce an ga zanen, lafiyarsa ƙalau, kuma Baba Dogo zai bi su ofis. Yana magana ya jefa buroshin cikin gwangwani, gashinsa a ƙasa, ya ɗan danna shi har ya lanƙwashe, sannan ya koma bakin taga ya hau yi wa Kofur bayanin takardun da za a cike.

Auta na share hawaye, ko kallon teburin ba ta yi ba. Baba Dogo na kallon takalmansa. Ba a yi minti ɗaya ba hannun Ɗalibi ya miƙa, ya zaro buroshin, ya matse shi a tsumma, ya murza bakinsa da yatsu biyu, ya kwantar da shi a farkon layi. Idonsa na kan Baba Dogo duk lokacin nan, bai ma san ya yi ba.

"Shekara nawa ka yi a hannun Malam?" in ji Sufeto.

"Goma sha biyu."

"Me ake yi wa wanda ya bar buroshi a tsaye?"

Ɗalibi ya dubi hannunsa, ya dubi tsumman. Malam ne ya amsa, a hankali. "Da bayan buroshin nake buga masa yatsu."

"Malam ya bar su cikin gwangwani sha biyu da rabi," in ji Sufeto. "Na zo na tarar an wanke bakwai ɗin an jera. Ɓarawo ba ya tsayawa wanke-wanke, kuma ba ya ninke ƙyalle. Baba Dogo kuwa na ga kayan aikinsa, a yashi yake soka su ya tafi. Da shi ya ɓoye zanen, da buhu zai rufa masa ya lalata fentin. Wanda ya kai shi can ya san ɗanye ne, ya sa masa katako a kusurwa huɗu. Mutum ɗaya ne a gidan nan hannunsa ya san wannan, ban da Malam. Ka ce mini ba ka shiga ba."

Ɗalibi ya cire tabarau. "Na shiga. So nake in gani kafin jama'a su gani, ko sau ɗaya. Na ɗaga ƙyallen."

"Sai ka ɗauke."

"Na ce in an wayi gari an ce sace shi aka yi, shi ke nan. Baƙi su jajanta su tafi. Malam ya zauna da abin da ke ransa. Masu zuwa yau, Yallaɓai, rabinsu jira suke su samu abin faɗa a kansa."

"Kana tsaye kuma za a sa wa tsoho ankwa, a kore shi daga ɗakin da ya shekara talatin da ɗaya, ka kama bakinka." Ran Sufeto ya ɓaci sosai, bai ɓoye ba. "Shi ya rufa maka asiri, kai ka bar shi a rana."

"Ba shi na rufa wa ba," in ji Baba Dogo. Idonsa na kan Malam.

Auta ta durƙusa gaban tsohon tana ba shi haƙuri, ya ɗaga ta. A waje yayyafi ya fara sauka kan kujerun.

"A kawo shi," in ji Malam.

Kofur ya ɗauko zanen, aka ɗora a mazauninsa. Auta ta kalla sau ɗaya, ta toshe bakinta da hannu. Malam ya ji wannan shirun. Ya juya fuskarsa daga wannan zuwa wancan.

"Auta za ta yi mini ƙarya. Ɗalibi ya riga ya yi. Dogo ba zai yi magana ba. Sufeto, kai baƙo ne. Me ka gani?"

"Malam, ni ɗan sanda ne, ban san zane ba."

"Shi ya sa na tambaye ka."

Sufeto ya sha kai wa mutane mummunan labari har ƙofar gida, amma bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi haka ba. Ya so ya yi ƙarya, ya kuma san tsohon zai gane.

"Na ga rumman. Na ga benci. Na ga hannuwanta da almakashi, kamar za su motsa."

"Fuskar fa?"

"Ban ga fuska ba, Malam."

Malam ya gyaɗa kai sau biyu. Bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi sauƙin kallo.

"Wata takwas ina kan fuskar nan, ina zaune da ita a nan," ya ce. "Ina ganinta sarai." Ya ja numfashi. "Ba ni da ƙara a kan kowa, Sufeto. Dogo, ka yafe mana. In baƙi sun zo ka zaga da su lambun, ka faɗa musu wadda ta shuka. Wannan a rufe shi."

Ya miƙe, ya lalubi tebur har yatsunsa suka samu babban buroshin. Ya shafa tsininsa, ya san aikin wanda ya koyar ne. Sannan ya lalubo gwangwanin, ya tsoma shi ciki, gashinsa a ƙasa, ya kama hannun Auta suka fita cikin yayyafin.

Sufeto ne na ƙarshen fita. Da ya waiwaya, Ɗalibi na tsaye gaban teburin, ya haɗa hannuwansa biyu a baya ya riƙe gam, buroshin kuma yana nan a tsaye inda Malam ya bar shi.