Saba a Ɗakin Baya

Dutsen farko ya faɗo ne dab da kiran magariba, lokacin da Inna Baiwa ke kwashe tuwo a tsakar gida. Ya doki kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya kusa da murhu. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta ɗaga murya ta yi faɗa. Babu wanda ya gudu, babu wanda ya yi dariya a bayan katanga. Sai na biyu ya faɗo. Da ta taɓa shi, ta ji shi da zafi kamar daga wuta aka zaro shi.

Gidan Malam Maiwada ne, mijinta, a bakin garin Ajingi, kuma ba a taɓa ganin irin wannan a gidan ba sai a kakar bana. A kakar ce ɗansu Musbahu, wanda ya yi karatun kwamfuta, ya haɗa wa ƙungiyar manoman gyaɗa manhaja a intanet. Mai saye zai shiga daga Kano ya nemi kaya, manhajar ta tura imel ga shi da ƙungiyar. Abin da ya rage shi ne saba, wato na'urar da za ta riƙa aika saƙonnin, kuma a kanta suka sha musu da abokin aikinsa Babagana, wani ɗan kasuwar gyaɗa a Gaya.

“Ka yi haya wajen kamfanonin da sana'arsu ke nan,” in ji Babagana. “Ranar da batirinka ya mutu fa? Kuma kai da bakinka ka ce saƙon da ya fito daga sabar gida sau da yawa kwandon shara ake watsa shi.”

“Zan san dabarar wannan,” in ji Musbahu. “Amma sunayen manomanmu da cinikinsu ba za su kwana a hannun wanda ban sani ba. A gida zan ajiye.”

Sai ya buɗe ɗakin baya na gindin tsamiya, wanda ba a shiga ba tun rasuwar kakarsu. Ya share shi, ya ja wayar sola, ya girka kwamfuta a kan tebur. Tun daga ranar fankarta take kuka dare da rana, wata 'yar shuɗiyar fitila tana ƙiftawa a cikin duhu.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja, sai duwatsu su fara sauka. Bayan kwanaki aka fara jin murya daga wajen tsamiyar, ƙasa-ƙasa, irin ta mace mai rarrashin yaro. Malam Maiwada ya zagaya da tocila, bai ga kowa ba. Aka daina hira a tsakar gida. Kaji ma tun la'asar suke shigewa akurki. Musbahu kuwa hankalinsa na kan masu saye da suka fara tururuwa, sai ya ce iska ce ke kakkaɓo 'ya'yan tsamiya.

Wata yamma yana Gaya sai saƙonni suka daina fita. Ya kira ƙanwarsa Khaula a waya.

“Shiga ɗakin baya ki kashe na'urar ki sake kunnawa.”

“Yaya, an fara kiran salla fa.”

“Yanzu za ki fito. Mutane suna jira.”

Ta shiga. Aka idar da salla ba ta fito ba. Da Inna Baiwa ta leƙa, ta same ta zaune a ƙasa, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, tana rangaji gaba da baya. Ta kira sunanta. Yarinyar ta juyo, idanunta sun kafe, ta ce da wata murya mai kauri, ta tsohuwa:

“Ba ta nan.”

Khaula ta daina ci, ta daina barci. In an matsa kusa da ita sai ta ture mutum da ƙarfin da ya fi na ƙato. Musbahu ya dawo ya zauna a bakin ƙofarta, ya kasa haɗa ido da mahaifiyarsa.

Washegari Malam Maiwada ya hau babur ya ɗauko Malam Abdulmuttalib daga Toranke, dattijo mai ƙaramin jiki, wanda aka sani da yi wa masu iska ruƙiyya. Bai yi gaggawa ba. Ya yi alwala, ya sa mata suka riƙe ta a kan tabarma, ya fara karatu a hankali. Rana tana faɗuwa jikin Khaula ya ɗauki ɓari.

“Wace ce ke?” in ji Malam.

“Mai ɗakin.”

“Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ita ta shigo. Amma ga mai laifin can.” Hannun Khaula ya miƙe ya nuna Musbahu. “Mun zauna da tsohuwarku lafiya, ba ta taɓa jin motsinmu ba. Shi ya shigo ba sallama, ya kawo mana ƙarfe mai kuka. Jego nake yi. Ɗana bai runtsa ba tun ranar. Na yi jifa, na yi magana, ba ku ji ba.”

“An shiga haƙƙinki,” in ji Malam, “amma ke ma kin shiga na wadda ba ruwanta. Ki fita.”

“A yanka min baƙin bunsuru.”

“Ba a yanka sai don Allah. Ba za ki samu ko ɗigon jini ba.” Ya ci gaba da karatu, muryarsa ta ƙara nauyi. Khaula ta ƙwalla ƙara.

“Daina! To a kwashe ƙarfen yanzu.”

Musbahu ya matso. “Malam, lokacin kaka ne. In na kashe yanzu, duk cinikin da ke hanya zai tsaya. A ba ni kwana biyu in mayar da komai wajen kamfani.”

“To ni ma zan zauna a nan kwana biyu,” in ji muryar.

Musbahu ya dubi fuskar ƙanwarsa, ya ga leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ya ce, “Yanzu zan kashe.”

Malam ya sa ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ta rantse. Khaula ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido ta ce da ƙaramar muryarta, “Inna, ruwa.”

Musbahu ya kira Babagana ya ce ya ba masu saye haƙuri, gobe za su nemi kamfanin haya. Babagana bai yi masa gori ba, lafiyar Khaula kawai ya tambaya.

Sannan Musbahu ya nufi ɗakin baya shi kaɗai. Ya yi sallama a bakin ƙofa, ya shiga, ya zare wayar. Fankar ta yi ta lafawa har ta tsaya. Ya rungumi na'urar zai fita ke nan, sai ya ji daga kusurwar da babu kowa, jariri ya saki doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda ya gaji da kuka.

Musbahu ya tuɓe takalmansa ya fita da sanɗa, ya jawo ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.