Kartar da Shafi'u Ya Ajiye

Da azahar ne, rana ta take, ga hadari yana haɗowa ta gabas, Shafi'u ya gangara cikin wani tsohon ramin zinariya a bayan Bagega. Mahaƙi ne, amma ɗan abin da ya samu, 'yan karta na bayan tashar Anka ke lashewa.

Can ƙasan ramin boka Manu yake zaune. Ƙahonin awaki jere a bango, baƙar tukunya tana hayaƙi, ƙudaje sun rufe wani abu da Shafi'u bai yarda ya kalla ba.

"Mi kaka so?" in ji boka.

"Baba, na gaji da hwaɗuwa a karta."

"Mutum nawa ka cin tuwo gidanka?"

"Huɗu. Inna, ƙanena Haris, matata, da ɗiyata Muhsina."

Boka ya jera tsakuwa huɗu, ya tsaga masa tafin hannun dama da aska, ya ɗiga jinin a kan kowace.

"Ko kartar banza aka raba maka, kar ka ajiye. Bi ta, za ka ci. Ran da ka ajiye, hannun da ya ajiye shi za ya biya."

"Tsakuwar fa, Baba?"

"Ba tambaya ta kawo ka ba. Tahi."

Haka kuwa aka yi. Karta ta zo masa ba sarki ba komai, ya ƙara kuɗi, masu kartar kirki su tsorata su zubar. Ya sayi injin niƙa dutse, ya gina gida a Gummi.

Ranar da ya yi babban ci na farko da kartar banza, Inna ta faɗi tana aman jini har ta cika. A na biyu, Haris ya dinga buga kansa a jikin injin har ƙwaƙwalwarsa ta fito. A na uku, matarsa ta yayyage tufafinta ta shiga daji. Mutane suka ce gubar dalma ce. Shi dai Shafi'u ya iya ƙirga: tsakuwa huɗu, saura ɗaya.

Duk da haka ya koma, bawan Allah. Wata Laraba da la'asar yana zaune gaban Makau, tsohon abokin cacarsa, kuɗi tsibi a tabarma, aka raba masa kartar banza. Sai waya. Maƙwabciyarsa Habsu ce, tana kuka: Muhsina ta sandare, kumfa na fita a bakinta.

"Attajiri, yau kuma mi kaka jira?" in ji Makau. "Ƙara ko ka zubar."

Shafi'u ya dubi kuɗin. Ya daɗe. Sannan ya kife kartar.

Yatsunsa suka fara karyewa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas. Hannun ya murɗe har kafaɗa, ƙashi ya keto fata, tsohuwar tsagar ta buɗe, jini ya wanke tabarma. 'Yan caca suka watse. Shafi'u ya kurma ihu, daga nan hankalinsa bai sake dawowa ba.

Muhsina ta tashi, tana wajen Habsu. Gida da injin kuwa, wuta ta cinye su a sati guda. Kai mai neman ci ba faɗuwa, ka sani da mutanen gidanka za a biya, kuma ba za a faɗa maka ba.

Har yau Shafi'u na zaune a bakin tashar, yana raba ganye a ƙasa da hannun hagu. Jiya ruwa ya sauko, Makau ya ja shi ƙarƙashin rumfa, ya tsinto masa takalminsa ya sa masa. Shafi'u ko ɗago kai bai yi ba.