Bakunan Goge Goma Sha Huɗu

Sufeto Lurwanu ya iso buro, ofishinsa na 'yan sanda, da idanun da ba su ga barci ba. Tun jiya da la'asar, da ya biyo ta bayan sabon zauren kiɗa na Birnin Konni ya ji ana gwaji, wani amo ya maƙale masa a kunne. Ya tabbata ya taɓa jin sa, amma zuciyarsa ta ƙi gaya masa a ina.

Bai zauna ba waya ta yi ƙara. An yi sata a zauren.

Madam Husna ta tarbe shi a ƙofa. Shekara tara ta yi a ƙasar waje tana karatun kiɗa, ta dawo ta haɗa makaɗa talatin, kuma ranar Asabar za su buɗe jerin wasanni shida.

"Kwana ukku ya rage, Sufeto. An kai gayyata har Malbaza da Illela. Dubi abin da na iske."

Gogen Turawa goma sha huɗu, waɗanda suke kira biyolon, suna jere a kan tebur, ba wanda ya ɓace. Bakunan izga da ake goga su da su ne aka kwashe. Kowane goge kuwa an kifa shi.

"Haka kuke aje su?"

"Har abada! Katakon ƙujewa zai yi."

Lurwanu ya sake duban yadda aka kife su. Marigayi kakansa yakan kifa gogensa bayan wasan bori, wai don kada abin da aka kira ya sami ƙofar komowa. Yanzu ya tuna inda ya san amon jiya.

Ba a fasa kwaɗo ba. Makulli uku ne: na Madam, na mai gadi, da na Sharifu, babban mai gogen ƙungiyar.

"Ban ga kowa ba, ranka shi daɗe," in ji Maman Sani mai gadi. Yana magana idonsa na komawa ga katangar baya.

"Mi ke bayan katangar?"

"Gidajen mutane, ba komi."

Sharifu ya yi murmushi a gajiye. "Har nawa bakan aka ɗauka, Sufeto. Mutum na sace nashi hannu?"

Lurwanu ya koma wajen Madam Husna. "Kiɗan da kuka gwada jiya, wa ya tsara shi?"

"Ni."

Ya rera mata shi a hankali, har da ƙarshen da ba su kai ba. Ta sunkuyar da kai.

"A wani tsohon kaset na ji shi, a kasuwar Badaguishiri. Ba suna a kai. Na dai ji ya yi mini kyau."

"Taken Doguwa ne, Madam, aljanar bori. Da shi ake kiranta. Wanda aka taɓa yi wa girka, in ya ji shi, ba shi da iko da jikinsa."

Gidan da ke manne da katangar ƙarami ne. Wata tsohuwa, Hajiya Tsahara, na zaune a tabarma da carbi a hagu, hannun dama naɗe da tsumma.

"Inna, mi ya sami hannun?"

"Murhu na hwaɗa ma, ɗana. Tsuhwa ce."

"Yaushe?"

Ta gyara tsumman. "Duk la'asar nike hwaɗuwa yanzu."

A bangon ɗakinta akwai hoton Sharifu riƙe da biyolon. A bakin rumbun hatsi kuwa wani farin silin izga, irin na bakan goge, ya maƙale, iska na kaɗa shi.

Lurwanu na fito da ƙunshin bakunan daga cikin gero Sharifu ya shigo. Bai yi yunƙurin gudu ba.

"Mu fita waje," in ji shi. "Kada ta ji."

A gindin katanga ya yi magana. "Hajiya uwata ce. Babana mai goge ne, ita ce ke hawan bori. Da ya rasu ta tuba, ta je Makka. Shekara ashirin da shida ba ta faɗi ba. Ranar da muka fara gwajin nan na dawo na iske ta tana birgima, tana magana da muryar da ba tata ba. Baba Maman mai gadi ya ji, ya rufa mana asiri." Ya dubi yatsunsa. "Ni ke jan taken, Sufeto. Da hannuna nike kiran abin a kan uwata."

"Don mi ba ka gaya wa Madam ba?"

"In ce mata Hajiya tsohuwar 'yar bori ce? Kafin magariba Konni duka ta ji. Da wace fuska za ta shiga masallacin Juma'a?"

Lurwanu bai sa masa ankwa ba. Ya bi da shi ta lungu zuwa mota, ya sa a kai shi kwamisariya, caji ofis.

Shi da kansa ya mayar wa Madam Husna bakunan.

"Asabar ɗinki na nan. Amma ki cire taken."

"Saboda wa?"

"Saboda maƙwabta."

Ta dube shi, ta dubi katangar. Sannan ta zare takardun taken daga kan tebur, ta ninke su.

A buro ya rubuta rahoto: abin da aka sata, inda aka same shi, wanda ya amsa laifi. Da ya zo gurbin dalili sai ya ja layi, ya sa hannu. A nan ya lura yatsunsa na hagu suna buga taken a kan tebur. Ya kifa tafin hannun, ya danne shi da ɗayan.