Buhu Sittin na Ranar Kasuwa

Da hantsi Hajiya Munawwara ta shigo ofishin 'yan sanda na Birnin Kudu, mayafi na zamewa daga kafaɗarta. Buhu sittin na takin zamani sun ɓace a shagonta na Gwaram.

"Abdulsalami, mai kula min da shago, ya ce maigadi ne ya sace," in ji ta. "An ma tsare tsohon. Gobe za a kai shi kotu."

Insifekta Dabo ya je ya duba. Ba a fasa kwaɗo ba, ba sawun mota. Maigadin kuwa sai rantsuwa yake yi. Hankalin Dabo ya tashi: lokaci na tafiya, hannunsa ba hujja.

Ya miƙa wa Kofur Khairiyya littattafan ciniki, don ita ta karanci ƙididdiga. Bayan azahar ta kira shi.

"Yallaɓai, bara da bara waccan, rabin ciniki ranar kasuwa ake yinsa. A watan nan an rubuta an sayar da buhu ɗari da tamanin. Kamata ya yi casa'in su faɗa ranar kasuwa, amma sittin ne."

"Ba zai yiwu dacewa ce kawai ba?"

"Shi ya sa na yi gwajin kai-sikwaya, mai auna tazarar abin da aka gani da abin da ake sa rai. In ya haura huɗu, da wuya a ce dacewa ce. Ashirin ya ba ni."

Dabo ya sa aka kawo Abdulsalami.

"Wa ke riƙe littafi ranar kasuwa?"

"Ni ne, yallaɓai. Ai bana kasuwa ce ta mutu."

"Ranar kasuwa kaɗai ta mutu, sauran ranaku suna nan lafiya?"

Abdulsalami ya share gumi.

Kafin la'asar Dabo ya samo wani manomin Wurno da rasidin buhu huɗu na ranar kasuwa. Sa hannun Abdulsalami ne, amma babu cinikin a littafi. Dabo ya ajiye takardar a gaban Abdulsalami.

Abdulsalami ya daɗe yana kallonta.

"Sayarwa nake yi, ba na rubutawa," ya ce a hankali. "Na ɗauka a cikin cunkoso ba mai lura."

"Kuma ka bari a ɗaure tsoho a madadinka?"

Abdulsalami ya sunkuyar da kai. Khairiyya ta sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Yallaɓai, don Allah kada a biyo da ni ta gaban Baba maigadi."