Ƙwaryar da Ba Ta Tuna Kowa

Ƙwarya ta fara juyawa, duwatsun lantarki ɗari huɗu suna kaɗawa a cikinta, kowanne ɗauke da sunan magidanci ɗaya na unguwar. Hansatu ta matse hannun mijinta Isiyaku, wanda ke ta tari tun daga gida.

Birnin Rumfa yana samun iskar shaƙa ne daga matatar da ke ƙarƙashin ƙasa. Butum-butumi ba sa jure tururin wurin, saboda haka duk Asabar sai mutum ya sauka ya kankare bututu, kuma na'urar ƙwaryar nan ce ke zaɓarsa. Likitoci sun ce huhu yana ɗaukar sauka biyu, ta uku kuwa sai dai gawa. Isiyaku ya sauka sau biyu.

Da can, wanda na'urar ta zaɓa sai ta ajiye dutsensa gefe har kowa ya yi nasa. Amma da duwatsu suka ragu, waɗanda suka saura suka daina barci, don sun san tabbas layi na zuwa kansu. Dattawa suka ce wannan shisshigi ne, na'ura ba ta isa ta nuna wa bawa gobensa ba. Aka sa injiniyoyi suka gyara ta: duk dutsen da ya fito a mayar da shi. Aka yi ta murna kamar an kashe maciji, alhali ba a sare kansa ba.

"Kwantar da hankalinki, 'yar nan," in ji Iya Kulu maƙwabciyarsu. "Shi kaɗai ne namiji a garin? Ai ya gama nasa."

"Iya, ƙwaryar ba ta san ya gama ba. Shi da wanda bai taɓa sauka ba, duk ɗaya ne a wurinta."

Ƙwarya ta tsaya. Tsoro ya hana Hansatu ɗaga kai, sai da lasifika ta kira sunan: Tsalha, ɗan Iya Kulu.

Wani daɗi ya ratsa Hansatu, kunya ta biyo baya. Ta riƙe tsohuwar da ke neman zubewa.

"Ba komai," Iya Kulu ta ce. "In ya fito lafiya, ai shi ke nan ya huta."

Ta bayan kafaɗar tsohuwar Hansatu tana ganin hannun ƙarfen na'urar ya ɗauki dutsen Tsalha a hankali, ya sake jefa shi cikin ƙwarya.