Abin da Auta Ta Faɗa wa Ungozoma

Ko wata guda Auta ba ta cika da haihuwa ba ranar da surukarta ta faɗo gidan babu sallama. Tana zaune a falo kan kujerar da mijinta Dogo, kafinta, ya ƙera da hannunsa, jaririyar tana shan nono, sai ta ga Umma ta ɗaga labule, Yaya Babba na biye da ita da jaka a hammata. Yaya Babba yayar Dogo ce, ma'aikaciya a ofishin tallafin ƙananan yara, kuma tun da ta sami aikin nan take tafiya kamar gwamnatin ma a jakarta take.

"Sannunku da zuwa, Umma. Ku zauna in kawo ruwa."

"Ba zama ya kawo mu ba. Miƙo min yarinyar nan."

Auta ta miƙa da fara'a, ta ɗauka kaka ce ta zo ganin jika. Umma ta karɓa, ta ja da baya har bakin ƙofa.

Yaya Babba ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ashe mahaukaciya muka auro wa ƙanena ba mu sani ba? Da idona na gani a kwamfuta. Kin taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, har gobe kina shan magani. Ko za ki ce ƙarya asibiti suka rubuta?"

Ba ƙarya ba ne. Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinta, ciwon damuwa ya kwantar da ita, ta daina ci ta daina magana, har aka kai ta asibiti. Ta warke sumul, likita ya bar ta da ƙaramin magani. Ta faɗa wa Dogo tun kafin a fara zancen aure, ya yi dariya ya ce shi ma ai tun da ya gan ta kansa ba daidai yake ba. Bayan shi da mahaifiyarta, ungozomar asibitin da ta yi awon ciki kaɗai ta sani, ita ma sai da ta rufe ƙofa ta ce duk abin da za a faɗa don lafiyar uwa ne da abin da ke cikinta.

Abin da Auta ba ta sani ba shi ne, asibiti na tura bayanan kowace haihuwa zuwa hukumar rajista, hukumar kuma ta tura wa ofishin tallafi domin a san yaran da za a bi da rigakafi. Sunan jariri da ranar haihuwa kawai ofishin ke buƙata, amma fayil ɗin uwa gaba ɗaya ake kwasa a tura, saboda babu wanda ya taɓa zama ya ware. Yaya Babba ta ga sunan matar ƙanenta ya bayyana, yatsanta ya yi ƙaiƙayi, ta danna.

Ana cikin haka Dogo ya shigo cin abincin rana, garin katako fal a gashinsa. Auta ta ji sanyi a ranta, ta ce yanzu magana za ta ƙare. Umma ta zayyana masa komai, ta ƙara da cewa ba za ta bar jikarta a hannun wadda za ta iya tashi da rana tsaka ta shaƙe ta ba. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, ku yi haƙuri." Daga nan bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Yana tsaye ƙiƙam suka fita da jaririyar tana tsala kuka.

Duk tsawon zamansu Auta ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, amma ranar ta ɗaga.

"Ka sani. Kai ka sani tun kafin ka aure ni, amma ka kasa buɗe baki ka ce ka sani."

"Auta, mahaifiyata ce. Bari ta huce, gobe in je in lallaɓa ta."

"Gobe? Dube ni nan." Ta nuna masa gaban rigarta da nono ya jiƙe sharkaf. "Ita yarinyar gobe za ta ji yunwa? Ba na ce ka zagi Umma ba, ban ce ka saɓa mata ba. Gaskiya kawai za ka faɗa, ka ce matata lafiyarta ƙalau. Sun kira ni mahaukaciya a falona, kai kuma kana ta kallon takalminka kamar yau ka saye shi. Wallahi shirunka ya fi maganar Yaya yi min ciwo."

Kuka ya ci ƙarfinta, ta zauna a ƙasa. Haushin Yaya Babba take ji, da na asibitin, da na duk wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya yanke cewa sirrin mace kaya ne da za a riƙa miƙawa daga tebur zuwa tebur. Dogo ya daɗe yana kallonta, kunya ta rufe shi. Ko abincin bai taɓa ba ya juya ya fita.

Ya tarar da gidan Umma a hargitse. Jaririyar ta ƙi madarar kwalba, muryarta har ta dushe. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Umma, na san ciwon nan tun kafin in aure ta, ita da bakinta ta faɗa min. Ciwo ne kamar hawan jininku, ana shan magani a zauna lafiya. Na ji tsoronku ɗazu na yi shiru, na cuce ta. Ku gafarce ni, amma zan mayar da yarinyar nan wurin uwarta."

"Idan ka fita da ita, kada ka sake tako min gida."

"Zan zo gaishe ku kullum, ko a ƙofa zan tsaya."

Ya juya ga yayarsa. "Ke kuma Yaya, amana aka ba ki a ofis ɗin nan, ba tagar leƙen gidajen mutane ba." Ya ɗauki 'yarsa ya fito.

Jaririya ta dawo, amma magana ta riga ta zaga unguwa. Maƙwabciyar da ke aiko yaranta wasa ta daina. Idan Auta ta fita shanya, sai a riƙa leƙenta ana jiran ranar da za ta yi wani abin. Dangin Dogo suka ɗauke ƙafa, shi kuma kullum yana zuwa ƙofar Umma ya yi gaisuwa ba a amsa ba.

Da ta ji ƙarfin jikinta, Auta ta goya 'yarta ta koma asibiti, ta tsaya gaban ungozoma ta zazzage mata abin da ke cikinta. Matar ta riƙe baki, don ita ma ba ta san fayil ɗin yana yin wannan doguwar tafiya ba. Ta kai ta wurin shugabar sashen, wadda ta ce kwamfuta na nuna duk wanda ya buɗe fayil, idan Auta ta shigar da ƙara za a iya korar mai laifin.

Ran Auta ya raya mata ta shigar da ƙarar. Amma ta ce, "Ba aikin wani na zo karɓewa ba. Ku daina tura abin da bai shafe su ba, shi ke nan." Aka yi mata alkawari, aka kuma ce irin wannan gyara yana ɗaukar lokaci.

Kafin gyaran ya zo, Mami, 'yar Yaya Babba ta fari, ta haihu. Tun da aka dawo da ita gida ta ƙi ci, ta ƙi taɓa jaririn, sai kallon bango. Da likita ya matsa mata da tambaya, sai ta fashe da kuka ta ce tun tana jami'a take shan irin maganin Auta a ɓoye. Da ta sami ciki ta daina sha, ta kuma ce wa ungozoma ba ta da wani ciwo. "Na ga abin da aka yi wa matar Kawu. Duk abin da na faɗa, teburin Mama zai je."

Da yamma Auta ta ji sallama a ƙofa. Yaya Babba ce, babu jaka, idonta ya kumbura, Umma na bayanta.

"Auta, Mami ta ce ba za ta yi magana da kowa ba sai ke. Don Allah..." Ta zayyana mata abin da Mami ta faɗa wa likita.

Auta ta dube ta. Haushin yana nan, bai tafi ko'ina ba, kuma ba ta ɓoye ba. "Yaya, ba ni kaɗai kika tona wa asiri ba. Duk macen da ta ji labarina kin koya mata yi wa likita ƙarya, har 'yar cikinki."

Ta ɗauko mayafinta, ta kwance goyon, ta miƙa wa Umma jaririyar da hannunta. "Ku riƙe min ita, Umma, in je in dawo." Umma ta karɓa tana hawaye, ta ce Allah ya yi mata albarka.

Mami ta koma kan maganinta ta warke, Dogo kuma ya daina tsayawa a ƙofar Umma, ya koma shiga har ciki. Haƙurin Auta ya dawo mata da gidanta da mutuncinta. Wanda duk aka ba amanar sirrin wani ya riƙe ta da kyau, domin ranar da mata suka fara tsoron faɗa wa ungozoma gaskiya, rayukansu ne za su biya, kuma ba ka san ko taka 'yar ce za ta fara yin shiru ba.