Tsohuwar da Ke Jiran Ƙarshen Labari

Ku matso kusa. Sahura, rage fitilar nan. Labarin Kawu Tanimu zan ba ku, ƙanen Inna, lokacin da yake gadin injin ruwa a bakin dam.

Shi kaɗai ne a wurin. Matarsa ta rasu, gari da nisa, daga shi sai kukan kwaɗi. Abin da ke ɗebe masa kewa wani littafi ne mai kashi-kashi, labarin wani ɗan sanda da ke farautar mai kashe mutane yana jefa su a rijiya. Da ƙarfi Kawu yake karatun, don dai ya ji muryar mutum a ɗakin.

Haka ya karanta na ɗaya da na biyu. Da na uku ya fito, ya zo dab da ƙarshe, sai ya ga ashe makashin ƙanen ɗan sandan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai ya daina karantawa da ƙarfi. Ya ƙarasa a zuci, ya rufe littafin, ya rasa wanda zai ce wa, "Ka ji fa!"

Da almuru ya sa littafin a aljihu, ya bi hanyar bakin ruwa. Kwaɗi suka yi tsit.

Ga wata tsohuwa zaune a kan dutse, ta lulluɓa da farin zane.

"Sannu, Iya."

"Malam, ka yanke mini labari."

Tana gabansa, amma daga bayan kunnensa muryar ke fitowa.

"Wane labari, Iya?"

"Na rijiya. Tun na ɗaya nake jingine da bangonka ina ji. Wane ne makashin?"

Ya sunkuyar da kai. A nan ya ga ƙafafun. Kofato ne irin na jaki, a jiƙe sharkaf.

Ya ja da baya.

"Zauna," in ji ta. "Ni ma ba ni da kowa."

Ya zauna. Ya karanta mata ƙarshen da ɗan sauran haske. Da ya kai inda ɗan sandan ya sa wa ƙanensa ankwa, tsohuwar ta fashe da kuka.

"Da ni ce, da na bar shi ya gudu."

"Haba, Iya! Rayukan bayin Allah fa?"

"Jini ai jini ne, Malam."

Suka yi ta musu, har ya manta da ƙafafun.

Can daga nesa aka kira sallar isha'i. Ya ɗaga kai, babu kowa. A kan dutsen sai ƙwarya cike da kifi, suna ta numfashi.

Bai taɓa ko ɗaya ba. Gari na wayewa ya ƙulle kayansa, ya bar aikin.

Ni da bakina na tambaye shi ko kofaton ne ya kore shi.

"A'a," ya ce. "Tun da matata ta rasu ban yi hira mai daɗi irin wannan ba. Na san in na ƙara kwana, da ƙafata zan koma wurinta."

To, kun dai ji. Kada wanda ya bi hanyar dam shi kaɗai da almuru. In kuma tsautsayi ya kai ku aka tambaye ku ƙarshen wani labari, ku ce ba ku iya karatu ba.